Shamaki a Cikin Mahaifa, da Hakkin Yayata da Na Ɗauka

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ina neman afuwar iyayena da malamaina waɗanda wannan takarda za ta faɗa hannunsu, domin maganar da zan yi tana cikin waɗanda mata ba su saba furtawa ba sai a ƙuryar ɗaki. Na daɗe ina ɗage rubuta ta. Abin da ya katse mini jinkirin shi ne wani taron suna da na halarta a unguwarmu, inda na ji mata biyu a bayana suna zunɗen wata amarya da ta yi ɓari sau biyu, ɗaya tana cewa ai hannu aka sa mata, ɗayar kuma tana ɗaga haɓa wajen wadda suke zargi. Na san wannan magana sarai, domin na taɓa riƙe ta shekara uku cur, na cutar da baiwar Allah da ita.

Ni 'yar Zongon Paraku ce. Kakannina fatake ne da suka biyo hanyar goro daga ƙasar Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a nan, zangon ya zame musu gida. A shekarar 2006, ina da shekara 18, aka ɗaura mini aure da wani ɗan kasuwa na Jugu mai sayen kanju da masara, aka kai ni gidansa a matsayin mace ta biyu. Na tarar da uwargida da 'ya'yanta uku, ina kiranta Yaya kamar yadda aka hore ni a gida. Wanda ya san dokar ƙasar nan ya san cewa tun 2004 kundin dokokin iyali bai san auren mace fiye da ɗaya ba, saboda haka aurena na masallaci ne da waliyyai da shaidu, ba ni da wata takarda a ofishin magajin gari. Ban damu da takarda ba a lokacin. Amma daren da za a tafi da ni gwaggona ta ja ni gefe ta ce, "Ke, takardar mace ta biyu ita ce goyon da ke bayanta." Maganar ta zauna mini a rai fiye da duk nasihar da aka yi mini a wannan dare.

Cikin farko ya zube yana wata uku, a daminar 2007. Aka ce ba komai, na fari yakan yi haka. Na biyu ma ya zube a daidai wannan tsakani, shekara guda bayan haka. Na uku shi ne ya karya ni. Ya kai wata biyar, na fara jin motsi, har na sayi turmin atamfa na ɓoye a ƙasan akwati. Wani dare cikin azumin 2009, bayan an idar da asham, marata ta murɗa, kafin maigida ya samo mota na haife shi a tsakar ɗaki. Namiji ne, da yatsunsa cikakku, bai yi kuka ba. Liman ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya wanda bai yi kuka ba ba a yi masa wanka da salla, sai a goge masa jini a naɗe shi a ƙyalle a binne. Yaya ce ta goge shi, ita ce ta naɗe shi. Ita ce kuma ta riƙa tashi tun kafin sahur tana dafa mini ruwan zafi, tana dama mini kunun kanwa, ga azumi a bakinta ga hidimar gida.

Da na yi arba'in, wata 'yar'uwar mahaifiyata ta zo daga Paraku ta ce abin nan ya wuce na banza, ta ɗauke ni zuwa wani ƙauye a kan hanyar Natitingu wajen wani mai bugun ƙasa. Muka kai zakara da jaka biyar. Ya shafe yashi, ya zana, ya sake shafewa, sannan ya ce, "Mace ce, randarku ɗaya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Yau in na tuna sai in ga babu wata gwaninta a ciki, domin tun muna gaisawa ya tambaye ni ko ni kaɗai ce a gidan mijina. Amma wadda ta binne ɗa tana neman wanda za ta ɗora wa, kuma ga shi an miƙo mata.

Daga ranar na daina cin abincin Yaya. In ranar girkinta ce sai in karɓi kwanon da hannu biyu in yi godiya, in ta juya baya in kai wa awaki a bayan ɗaki, ko da kuwa sakwara ce da wagashi, wadda duk Jugu ba na jin akwai mai iya ta kamarta. Na sayi randata dabam. Na riƙa ƙirga zannuwana in na shanya. 'Yarta ta fari, yarinya mai shekara 9 da ta saba kwana a ɗakina tana yi mini tsifa, na hana ta tsallako ƙofata. Ban taɓa faɗa wa Yaya komai a fuskarta ba, kuma wannan ya fi muni, domin na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa ƙawayenta, magana ta riƙa zirga-zirga tsakanin Paraku da Jugu kamar motar haya, har ta kai in Yaya ta shiga gidan biki mata su janye jariransu. A tsakanin nan na sha rubutu, na yi hayaƙi, na sha saƙe-saƙin da ban san sunansu ba, an yi mini ruƙya a kan cewa aljani ne ya aure ni. Ba na raina addu'a, Allah Ya tsare ni, ita ce ta riƙe ni da rai a waɗannan shekaru. Abin da nake cewa shi ne, cikin duk waɗanda suka ba ni magani babu wanda ya ce a duba a ga yadda mahaifar take. Wata tsohuwa ma cewa ta yi gishiri ne, a kira wanzami. A nan dai Inna ta tsaya da ƙafafunta ta ce ba a jikin 'yarta ba. Allah Ya saka mata da alheri.

A ƙarshen 2011 na sake ɓari, na zubar da jini mai yawa, har aka kwantar da ni aka yi mini wankin ciki. Ungozomar asibitin da ta duba ni ta tambaye ni sau nawa ke nan, na ce huɗu. Ta ajiye alƙalami ta ce ɓari huɗu a jere ba abin da za a koma gida da shi a yi shiru ba ne, ta rubuta takarda a kai ni Paraku wajen likitan mata. Sai da maigida ya gama cinikin kanjun wannan shekara sannan muka tafi, tafiyar kilomita kusan 135 da na saba yi don ganin gida, ranar kuwa ta yi mini nisa.

Aka ɗebi jinina, aka yi mini ekografi, sannan aka yi wani hoto na dabam mai ɗan zafi, wanda ake tura wani ruwa ta bakin mahaifa domin surar cikinta ta fito. Da muka koma wajen likitan, yana Faransanci wata ma'aikaciya tana mayar mini da Dandanci, sai ya juya takardar magani ya yi zane a bayanta. Ya ce kowace mace, tun tana tayi na kimanin mako shida a cikin uwarta, ba mahaifa ɗaya ake fara yi mata ba. Wasu siraran bututu biyu ne suke fitowa, ɗaya dama ɗaya hagu, su gangaro su haɗu ta ƙasa. Inda suka manne da juna sai ya zama kamar ɗakuna biyu masu bango ɗaya a tsakani, sannan a hankali bangon ya narke, ɗakin ya zama guda, saman bututun kuma ya rage a ware ya zama hanyoyin da ƙwai yake biyowa. Ana gama wannan aiki tayin yana da kimanin wata biyar. Ya ce ni tawa ta haɗu daidai ta waje, amma bangon tsakiya bai gama narkewa ba, ya rage ya sauko daga sama har ya wuce rabi. Ya rubuta kalmomi biyu, *utérus cloisonné*, wato mahaifa mai shamaki. Shamakin nan, in ji shi, jini ba ya ratsa shi sosai kamar sauran jikin mahaifa, saboda haka in ciki ya kama a jikinsa sai ya zama kamar shuka a kan fako, ta tsiro ta yi kore kwana biyu ta bushe. In kuma ya kama a wuri mai kyau, wani lokaci ɗakin yakan yi masa kaɗan, naƙuda ta taso kafin lokacinta.

Na saurara har ya gama, sannan na yi tambayar da na zo da ita tun daga Jugu. Na ce, "Likita, wa ya yi mini wannan?" Ma'aikaciyar ta yi jim kafin ta fassara. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya tambaye ni shekarar da aka haife ni, na ce 1988. Ya ce to, wata huɗu kafin ranar da aka haife ki an riga an gama wannan gini, babu abincin da ya jawo shi, babu laifin mahaifiyarki, babu naki.

A mota muna dawowa ban ce uffan ba, lissafi nake yi. A 1988 Yaya yarinya ce da ba ta fi shekara 10 ba, tana tallan ƙosai a Jugu, ba ta san akwai wata mata mai ciki a Zongon Paraku ba, balle ta san abin da ke cikin zai zama kishiyarta. Tun muna makarantar allo muke jin cewa Allah ne Yake suranta bayinSa a cikin mahaifa yadda Ya so, yana nan a farkon Suratu Ali Imrana, na haddace shi, na sha karanta shi a salla. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa ita kanta mahaifar tana cikin abin da ake surantawa, kuma tana iya zuwa da sura dabam kamar yadda ake haihuwar wani da yatsa shida.

Abin da zan ƙara a nan ba daga kaina yake ba. Yarinyar nan da na hana shiga ɗakina ta girma, ta shiga sashen koyon likitanci na Jami'ar Paraku, jami'ar da aka kafa a 2001, ita ce ta zauna da ni ta warware mini sauran bayanin. Ta ce a 2011 wasu likitoci sun tattara binciken ƙasashe da yawa, suka ga a cikin kowace mace 100 akwai 5 zuwa 6 da aka halitta musu mahaifa da wata sura dabam. A cikin masu yawan ɓari adadin ya kai kimanin 13. A cikin waɗanda suka haɗa ɓari da wahalar samun ciki kuwa kusan ɗaya ce cikin huɗu. Na ce mata ashe ke nan babu taron sunan da za a yi a Zongo a rasa irina a ciki. Ta ce haka ne, kuma da yawansu sun haifi 'ya'yansu lafiya, za su koma ga Allah ba su taɓa sani ba. Ta kuma ja kunnena kada in sa mata su ɗauka duk ɓari daga nan yake, domin mafi yawan ɓarin farkon ciki daga halittar tayin kansa ne, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ciwon sukari, ga wasu cututtukan jini. Rashin samun ciki kuma sau da yawa daga wajen namiji yake, gwajinsa ma ya fi na mace sauƙi da araha, in da iyayenmu maza za su yarda su je.

Surorin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda bututun nata ba su gama haɗuwa ta sama ba, mahaifar ta fito da ƙaho biyu kamar na saniya. Akwai wadda ba su haɗu ba sam, ta zama da mahaifa biyu, kowace da bakinta. A watan Disamba na 2023 wata mata mai irin wannan a jihar Alabama ta Amurka ta haifi 'ya'ya mata biyu, kowace daga mahaifa guda, ɗaya yau ɗaya gobe. Akwai kuma wadda ɓangare ɗaya ne kawai ya girma, ɗayan ya tsaya ɗan ƙaramin ƙaho a gefe. Wannan ce 'yar tawa ta fi jaddada mini, domin ciki yana iya kamawa a cikin ɗan ƙahon, shi kuwa ba ya iya buɗewa, sai ya fashe tun cikin bai yi nisa ba, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Mai ciki da ta ji matsanancin ciwo a gefe guda, ga jiri, ga gumi mai sanyi, tafin hannu ya yi fari, a nufi asibiti da ita a wannan sa'a, a yi mata tofin a hanya. Kuma da yake ƙoda da mahaifa tare suke tasowa a jikin tayi, wadda aka samu da irin wannan sura akan duba ƙodarta, don wani lokaci akan tarar guda ɗaya gare ta. Ni an duba, biyu ne, alhamdu lillahi.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce yarinyar da za a haifa babu mahaifar gaba ɗaya, ko da ɗan alamarta kawai, hanyar gabanta kuma gajeriya. Ana samun haka ga kimanin mace ɗaya cikin 4,500 zuwa 5,000, a takardun asibiti na Faransanci kuma galibi sunan Rokitansky za a gani. Tana tasowa da ƙirar mace cikakkiya, ƙirji ya fito, murya da komai na mata, domin ƙwayayenta lafiya suke, asalinsu dabam da na mahaifa. Jinin al'ada ne kawai ba za ta gani ba. A garuruwanmu sau da yawa ba a gane wannan sai bayan an kai ta ɗakin miji, a wayi gari ana cewa ba ta da hanya, a kira wanzami da askarsa. Askar nan ba ta san inda mafitsara take ba. Wanda ya taɓa zuwa asibitin Tangiyeta, inda aka daɗe ana yi wa mata aikin yoyon fitsari, ya ga irin rayuwar da mai wannan lalura take ciki, kuma yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke jawo ta. Alhali gajartar hanya tana da gyara a hannun likita, sau da yawa ma ba tare da fiɗa ba. Yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta ga al'ada ba, ko take murƙususun ciwon mara duk wata babu jini, a kai ta a duba kafin a karɓi kayan kowa. Game da haihuwa kuwa, an gwada dashen mahaifa a Jidda a shekarar 2000, ba ta zauna ba aka cire bayan wata uku da 'yan kwanaki. A 2014 a ƙasar Suwidin wata mata da aka haifa babu mahaifa ta haihu bayan dashe. Wannan abu ne mai nisa da aljihunmu, hukuncinsa kuma na bar wa malamai. Abin da ke kusa da mu shi ne yadda za a riƙe irin wannan yarinya da mutunci. Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, da sunan ɗan 'yar'uwarta Abdullahi ɗan Zubairu aka yi mata alkunya, kuma babu wanda ya isa ya ce darajarta ta ragu.

In koma kan kaina. Likitan ya ce ana iya yanke shamakin da wata na'ura mai ido da ake shigarwa ta bakin mahaifa ba tare da an tsaga ciki ba, amma a lokacin sai mun gangara Kwatano. Maigida ya yi lissafin kuɗin aiki da na mota da na masauki ya ce ba shi da hali a wannan shekara. Na riƙe shi a zuciya ƙwarai, na ga kamar ya fifita buhunan masara a kaina. Sai da aka yi shekaru 'yar tawa ta gaya mini cewa a 2021 an fitar da sakamakon wani gwaji da likitocin Holan suka jagoranta a kan mata 80 masu shamaki, aka yanke wa rabi aka bar rabi, waɗanda suka haifi ɗa mai rai a kowane ɓangare suka zama kusan ɗaya cikin uku, babu wani bambanci na a zo a gani. Ta ce matan ba su da yawa, saboda haka har yanzu likitoci ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, wasu suna ba da shawarar a yanke musamman ga mai ɓari a jere, wasu suna cewa a sa ido kawai. Ban kawo wannan don in hana kowa aiki ba, kowace mace da likitanta. Na kawo shi ne don maigida ma na ɗauki alhakinsa daidai gwargwado.

Abin da sanin ya canza mini shi ne yadda aka riƙi ciki na biyar. Da na ga batan wata a ƙarshen 2013 ban jira ya fito ba kamar yadda muka saba don kunya, na tafi awo da takardata a hannu. Aka ba ni maganin ƙarin jini, daga baya aka fara ba ni na rigakafin zazzaɓi, na kwana cikin gidan sauro, aka riƙa auna tsawon bakin mahaifa a ga ko ya fara buɗewa. Da ciki ya kai wata bakwai aka ga yarinyar a zaune take, kai a sama, ta rasa filin juyawa saboda shamakin, aka ce kada in kuskura in yi naƙuda a gida. Na koma Paraku wajen Inna don in kasance kusa da asibiti. Faya ta fashe da dare ciki yana mako 34, aka yi mini aiki kafin asuba. Tun watan Afrilu na 2009 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin wannan aiki a asibitocin da aka amince da su, saboda haka ba mu tsaya neman bashi ba a wannan dare. Aka ciro mace, nauyinta bai kai kilo biyu ba, amma ta yi kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Ni ina kwance ba na iya ko juyawa, Inna kuma ga tsufa. Ma'aikatan suka ce bakwaini irin wannan yana son ɗumin jikin mutum, a kwantar da ita a ƙirji fata da fata a ɗaure da zane, dare da rana. Da hantsi na buɗe ido na ga mace a zaune a kan kujerar roba kusa da gadona, ta kwance rigarta ta sama, ta ɗaure jaririyar a ƙirjinta, tana gyangyaɗi. Yaya ce. Motar farko ta biyo daga Jugu.

Ya kamata in faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta yi mini kyau ba. Shekara biyu ke nan da sanin cewa ba ta da laifi, amma ban nemi gafararta ba. Abin da na yi kawai shi ne na koma cin abincinta ba tare da na ce komai ba, ita ma ta riƙa ƙara mini nama ba tare da ta ce komai ba, na mayar da randata ta zama ta wanki, na ɗauka magana ta wuce. Kunya ce da girman kai. Na sha jin malamai suna cewa zato zunubi ne, kuma hakkin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, ina jin wa'azin ina sunkuyar da kai kamar da wata ake.

A kwana na uku, dare ya raba, ɗakin ya yi tsit, na kira ta. Na ce, "Yaya, na zalunce ki." Na fara ba ta labarin mai bugun ƙasa, ta ɗaga mini hannu ta ce ta sani, tun makon farko ta sani, ai awaki ba sa wanke kwano. Na ce to me ya hana ki yi magana? Ta ce, "Ni na naɗe yaron nan da hannuna, na ga fuskarki. Wadda take cikin wannan hali in na ce mata ba ni ba ce, me zan ba ta ta riƙe a madadinsa?" Ta yi shiru, sannan ta ce abu ɗaya ne ya yi mata ciwo har ta kai ƙarata wajen Allah a sujada, shi ne ranar da 'yarta ta zo tana kuka tana tambaya me ta yi wa Anti aka kore ta. Ta ce amma ta janye ƙarar tun da daɗewa. Muka yi kuka a hankali don kada mu ta da jaririyar. Ranar suna maigida ya tambaye ni sunan da nake so, na ce na Yaya. Shi ya sa har yau ba a kiran yarinyar da sunanta na yanka a gidanmu, sai dai a ce Ƙaramar Yaya.

Shamakin yana nan inda yake. Na sake ɓari a 2016, na haifi namiji ta hanyar aiki a 2018, daga nan likita ya ce in huta, na huta. Takardar nan mai zane a bayanta tana cikin akwatina tare da turmin atamfar 2009 da ban taɓa ɗinkawa ba. An ce mini irin wannan halitta takan ɗan fi yawa a cikin dangi ɗaya, saboda haka in 'yata ta isa aure zan ba ta takardar ta kai wa likita tun kafin a sa rana.

Na nemi gafarar Yaya a ɗakin asibiti, mu biyu sai jaririya, alhali sunanta a gidajen biki na ɓata shi, a gari biyu. Wasu daga cikin matan da suka janye jariransu daga gare ta suna raye, kuma wannan takarda tana shiga gidajensu. To, ku shaida, iyayena da 'yan'uwana na Paraku da na Jugu: abin da na faɗa a kanta ƙarya ne, ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, wadda ta ji daga bakina ko daga bakin Inna ta isar wa wadda ta faɗa wa. Amaryar nan ta unguwarmu kuma na je na same ta, na ba ta labarina, mijinta ya yi alkawarin kai ta a duba bayan salla.

Kafin in aiko da wannan rubutu na karanta wa Yaya shi tun daga farko har ƙarshe, tana tsinke zogale tana saurare. Da na gama na tambaye ta ko akwai abin da take so a cire. Ta ce babu, sai dai a ƙara abu ɗaya: a rubuta cewa awakin gidanmu ba su taɓa yin ƙiba irin ta waɗannan shekaru uku ba, har maigida ya sayar da biyu da tsada a kasuwar Jugu bai san dalili ba. Ga shi na ƙara.